Sunan Jharna a Ƙasan Takarda

Shekara goma sha tara Jharna Bauri ta yi tana kiwon fararen ɓeraye a wata jami'a, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa daga Kolkata. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ba ɗa ba jika. Ko ɗakin da take kwana, sunan ƙanin mijin ne a jikin ƙofa.

Farfesa Ghoshal ya zo da sabon aiki. A cuɗa wa ɓeraye wani rini rawaya a abinci har ciwon daji ya kama hantarsu, sannan a riƙa ɗiga wa wasu wani maganin ɗigo da ba na asibiti ba, wai shi homiyo, wasu ruwan banza, a ga bambanci. Kwana ɗari da ashirin, safe da yamma, hannu ɗaya, na Jharna.

"Jharna-di, wannan karon sunanki zai fito a ƙasan takardar binciken," in ji shi, yana ƙara mata "di", wato yaya.

"Da Turanci, Babu?" Babu shi ne yallaɓai a harshensu.

"Da Turanci mana."

Amma da sharaɗi. Masu homiyo sun ce wari mai ƙarfi na kashe maganin, don haka ba albasa, ba tafarnuwa, ba kafur. To a ƙasar nan me mutum zai ci ba albasa? Dole ta bar cin abinci da masu shara a gindin bishiya, ta koma bayan ɗaki da shinkafarta da dafaffen dankali. In ta gifta sai su ce, "Didi, ya surukan naki? Sun ƙoshi?" wato ɓerayen. Da bikin bautar Durga, babban bikinsu na shekara, ya zo, daga tsallaken titi ta yi kallo, gudun hayaƙin kafur.

Ranar da wa'adi ya cika ita ta miƙa ɓerayen ɗaya bayan ɗaya, ita ta wanke farantan da aka jera hantoci. Ko maganin ya ci, wannan su suka sani.

Bayan wata takwas ɗalibar Farfesa, Tumpa, ta same ta tana wanke keji.

"Mashi, takarda ta fito." Haka take kiranta, wato inna.

"Nuna mini wurin."

Jharna ba ta karanta Turanci, amma ta san harafin farko na sunanta. Ta bi layin da ido sau biyu, babu shi.

"Me aka ce a nan?"

"An ce ana gode wa ma'aikatan ɗakin dabbobi."

"Su wa ke nan?"

"Ke ce mana, Mashi."

"Ni kaɗai ce a ɗakin nan, Tumpa. Da wa aka haɗa ni?"

"Farfesa ya ce haka ake rubutawa."

Haka ake rubutawa. Sunaye shida a saman takardar, biyu daga ciki ko ƙofar ɗakin ba su taɓa leƙawa ba, wai zarni na tayar musu da zuciya. Layi ɗaya ne ya gagara.

"In bar miki wannan? Taki ce."

Jharna ta dubi takardar, ta dubi kejin da suka rage.

"Tafi da ita. Hannuna da ruwa."