Ji Ya Kori Gani, In Ji Ilu Mai Gora

Ku da kuka yi wayo a Yako kun san shi a tsaye. Ni ma in na rufe ido na tuno taubashina Ilu, a tsayen nake ganin sa, a bayan zaurensa, ya rungume doguwar gorar da aka ɗaura wa eriya a ka, yana murza ta sannu a hankali yana tambaya ta taga, "Ya fito?" Mu kuma daga ciki mu ce kaɗan hagu, a'a ka wuce, dawo, yawwa tsaya nan. Shi ya fara kawo akwatin talabijin unguwarmu a farkon shekarun tamanin, baƙi da fari, mai aiki da batirin mota da ake kaiwa caji Ƙafin Maiyaki ranar kasuwa. Kuma tun da ya sayo shi ban taɓa ganin ya zauna ya kalla ba.

Hujjarsa ita ce hoton daga Kano yake tasowa, ya gaji a hanya, in ba a tarbe shi da hannu ba sai ya zarce Tudun Wada. Duk wanda ya ce kawo in karɓe ka, sai ya ce masa hannunsa ba ladabi. Amma maganar gaskiya, wadda kowa ya sani ba mai faɗa, idon Ilu ya soma tafiya tun kafin akwatin ya zo. Yanar ido ce ta sauko masa, kullum duniya tana ƙara yi masa hazo. Shi kuwa mutum ne da gara ka zage shi da ka ji tausayinsa. Ba abin da yake tsoro irin ranar da za a kama hannunsa a zaunar da shi a ce, Baba ga wuri. Muddin gorar nan tana hannunsa, shi ne mai kawo wa gari hoto, ba wanda ake yi wa jagora ba.

To kada ku ɗauka rashin kallo ya hana shi ra'ayi. Ina! Ya fi mu sanin kowane shiri. In na tsokane shi na ce, taubashi, ai gani ya kori ji, sai ya ce wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa tsayawa a gindin gora ba, ji ne ya kori gani. Wai mu masu kallo abin da aka ba mu muke ci, shi kuwa da kansa yake girka nasa.

Ranar Lahadi da yamma ake sa fim ɗin Indiya. Har yanzu ina jin ƙanshin wannan lokaci: rana ta yi sanyi, shanu suna dawowa, zauren ya cika har ƙofa, mata sun leƙo ta katanga, ga sarewa tana fitowa daga akwati kamar daga wata duniya. Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, amma Ilu daga waje yake fassara. Wata rana wata mawaƙiya mai siririyar murya ta fara, sai muka ji ya ce wannan baƙa ce, doguwa, mai wushirya, kuma a bakin tafkin Bagauda take tsaye. Na ce masa fara ce sol, gajera, tana tsalle a kan dutse ruwan sama yana dukan ta. Ya ce akwatin ne ya yi kuskure. Mai irin wannan murya, in ji shi, kamarta ɗaya da Hajo shekarar da ya auro ta. Hajo matarsa tana jin mu ta katanga, ta ce, "Ni da na yi rawa a kan dutse cikin ruwa, da tuni mura ta raba ka da ni."

Wasan kwaikwayon Hausa kuwa nan ake yin ta. Wasannin wancan zamani ba su da gaggawa. Mutum zai yi sallama, a amsa, a gaisa, a tambayi iyali da gona, sannan a shiga magana, kuma Ilu yana amsa musu sallamar daga gindin gorarsa. Akwai wani ɗan wasa mai fitowa a dillali maƙaryaci, Ilu ya tsane shi tsana ta haƙiƙa. Da ya ji ya gyara murya zai shara ƙarya, sai ya juya eriya gabas, hoto ya ɗauke, akwati ya kama shuuu. Mu yi ta roƙo, ya ce ba a zaurensa za a cuci marayu ba. Sai ya kintaci mutumin ya gama sannan ya dawo da hoto. Shekara da shekaru muna ganin ana kama dillalin nan ana kai shi gaban alƙali, ba mu taɓa sanin laifinsa ba.

In batiri ya yi sanyi, hoton yakan tsuke ya koma kamar tafin hannu, ya mutu ana tsakiyar labari. Sai Ilu ya jingina da gora ya ƙarasa mana. A nasa ƙarshen ba wanda yake mutuwa, kowa gida yake komawa, har dokin ɗan fashi sai an ba shi dusa. Wallahi na kalli finafinai da yawa bayan nan, masu kala da ƙara, ban sami wanda ya kwanta mini a rai kamar waɗanda batiri ya katse ba.

Ana nan sai ɗansa Sabi'u, da yake aiki a Kano, ya zo da abin arziki a cikin shekarun casa'in: akwati mai kala, da ƙaramin janareta, da dogon ƙarfe wanda masu walda suka kafa suka ɗaure eriya tamau, ba ta motsi ko guguwa aka yi. Yaron kirki, so yake uban ya huta. Ya sa aka kwantar da gorar, ya ajiye kujera mai hannu a gaban kowa, ya kamo hannun uban a gaban jama'a ya ce, "Baba, ga wuri."

Ilu ya zauna. Hoto ya fito tangaran ba wanda ya tambayi kowa. Hannayen Ilu a kan gwiwa suna ta murza iska, kuma fuskarsa ba ta ma saitin akwatin, bangon gefe yake fuskanta. Yara suna ta ihun ga ja, ga kore. Wani baƙo da bai san dawan garin ba ya ce, Baba, ka ga rigar nan kuwa? Ba wanda ya iya ɗaga kai a zauren.

Can sai muka ji ƙwam daga baya, aka ƙara, ƙwam. Hoto ya yi rawa ya ɗauke. Na leƙa ta taga, ga Hajo tana komawa cikin gida da taɓarya a bayanta, ƙarfe ya karkace, eriya ta sunkuya. Sabi'u ya miƙe zai fita da fushi, na riƙe masa riga na nuna masa hannun ubansa. Ya tsaya ya duba. Yaro ne mai hankali. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ƙarfen nan ya fi ƙarfina, sai kai."

Ilu ya tashi yana gyara hula, yana cewa dama ya faɗa, ƙarfe ba ya jin magana. Kafin magariba gora ta koma wurinta. Haka akwati mai kala ya yi ta aiki a hannunsa har ƙafafunsa suka daina ɗaukar sa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je duba shi. Na soma tsokanarsa kamar kullum, sai ya lalubo hannuna ya jawo ni kusa. Ya ce, "Taubashi, kada ka gaya wa Hajo. Tun tana amarya na san sautin taɓaryarta, ko a cikin dubu." Na yi dariya har ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba.

Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa, ya saka wa Hajo da alheri. Allah ya washe masa idanu a Aljanna, ya nuna masa abin da ido bai taɓa gani ba, ya sa ya tarar ya fi duk yadda ya zata. Amin.