Izinin Buga Waya

"Ɗauko kekenka, Katsina za ka."

Malam Isiyaku ke nan, shugaban ofishinmu na bakin iyakar Jibiya, lokacin ina masinjan En'e, wato hukumar gargajiya, kafin 'yancin kai. Makiyaya sun shigo daga Maraɗi da labarin ciwon bushiya yana kashe shanu.

Na dubi sabuwar wayar tarhon da aka kafa mana, tana kan tebur lulluɓe da ƙyalle. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sai a buga wa manya a Katsina ba?"

Ya harare ni. "In kira na gaba da ni ina zaune, ba cire takalmi, ba durƙuso? Tafi ka gaishe su, ka roƙo mana izinin bugawa."

Kafin in dawo da izinin, cutar ta shiga garken wani kawuna a Riko.

Jiya jikata take gaya mani kwamfutocin ofishinsu na ƙaramar hukuma suna cikin kwali tun bara, wai ana jiran manya su zo ƙaddamarwa. Har yanzu raina a ɓace yake.

Ni na tsufa, ƙyallen nan bai tsufa ba. Ku a ofishinku me aka lulluɓe?