Orval da Masarar Dalma

Orval Tackett ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a ƙauyukan tsaunukan Ozark, har karnukan yankin suka haddace ƙarar motarsa. Da ya yi ritaya sai ya tare a gareji. A can yake ɗura harsashin ƙaramar bindigarsa da hannunsa: ya tsince kwanson da ya harba, ya wanke, ya zuba albarushi, ya dasa sabon kai. Kawunan kuwa saye yake yi, masu rufin jan ƙarfe, su zo a kwali suna ƙyalli. Duk Asabar yakan je filin harbi ya huda takardar da ake auna harbi a kanta, ya dawo ya ba matarsa Verna labarin da ya fi takardar kyau.

Abokinsa Hollis ne ya hure masa kunne. Tun suna yara suke zolayar juna, kuma tsufa bai rage komai ba. Hollis ya ɗauki harsashin Orval ya juya shi a rana, ya ce wannan ai kayan kwalliya ne, mai ɗuri na gaske shi ke narka dalmarsa ya zuba kansa. Orval ya yi dariya, amma maganar ta bi shi gida.

Cikin mako guda ya samo bokiti cike da guntayen dalmar da ake maƙala wa tayar mota, ya ari tukunya da cokalin zubi. Sai dai kafin a zuba kan harsashi, ana fara narka dalmar a kwashe dattin, a zuba ta dunƙule-dunƙule a ajiye. Abin da zai zuba dunƙulen a ciki ne ba shi da shi. Ran Litinin Verna ta tafi wurin ƙanwarta, shi kuma ya shiga kicin shan ruwa, idonsa ya faɗa kan tandar da ke rataye a ƙusa.

Tandar baƙin ƙarfe ce mai gurbi bakwai, kowane gurbi da siffar masara har da ƙwayoyinta. Ta mahaifiyar Verna ce. Man shekara sittin ya sa ta yi baƙi wuluk da santsi, burodin masara na zamewa daga cikinta ba sai an taɓa shi ba. Da ita Verna ke yin burodin da take kaiwa walimar coci, kuma ba ta yarda sabulu ya kusance ta.

Dalmar ta fito gwanin sha'awa. Masara bakwai farare tas, ya jera su a kan katako ya ja da baya yana kallo. Ya goge tandar da tsumma, ya mayar da ita kan ƙusarta.

Ran Alhamis ya kira Hollis ya zo ya gani. Hollis ya ɗauki guda ya auna a tafin hannu, ya tambayi inda ya samo abin zubi mai kyau haka. Da ya ji amsa sai ya nemi bokiti ya zauna.

"Mutumina, ƙarfen nan yana shan dalma kamar yadda yake shan mai," in ji shi. "Ko shekara ka yi kana wankewa ba za ta fita ba, dalma kuwa guba ce. Ran Lahadi akwai walima, ko ka manta? Ka ce in ci na ƙoshi daga gida."

Daga nan Orval ya rasa sukuni. In ya yi shiru, jikokin mutane za su ci burodin. In ya yi magana, fushin Verna ne. Ya fara gwada dabara: ya ce mata ya ji ana cewa an gaji da burodin masara, ko za ta yi wake bana? Ta ce wa ya faɗa, ya kasa kawo suna. Ran Juma'a ya sace tandar ya tura ƙarƙashin kujerar motarsa. Ran Asabar ya dawo daga wanka ya tarar da ita a kan ƙusa. Verna tana yanka albasa, ta ce abin mamaki, tanda ta fara fita yawo a mota. Ba ta ɗago kai ba.

A filin harbi ranar, sabbin kawunan da ya zuba da ragowar dalmarsa sun yi ta hayaƙi, takardar kuwa ko ƙwarzane. Hollis ya ce ba laifin dalma ba ne, hannun mai laifi ne ke rawa.

Da safiyar Lahadi Verna ta sauko da tandar, ta shafe ta da mai gurbi bayan gurbi, a hankali, tana 'yar waƙa. Ta kwaɓa garin masara da ƙwai da madara. Orval na zaune da kofi ya huce a hannunsa. Ta cika ludayi, ta kai shi saitin gurbin farko, ta karkata.

"Verna, kar ki zuba."

"Don me, maigida?"

Ya faɗi komai, yana kallon takalminsa. Ya ma ɗora wa Hollis rabin laifin.

Ta mayar da kwaɓin cikin kwano. Ta jawo kwandon burodi da ke rufe da adiko, ta ajiye a gabansa, ta ce ya buɗe, karin kumallonsa ne. Masarar dalma ce guda shida a kwance.

"Tun Talata na gani, da na je ɗaukar nama a firjin gareji," ta ce. "Ta bakwai na ajiye a jaka, zan nuna wa matan coci. So nake in ga iya inda za ka kai."

Ta zuba kwaɓin a farantin gashi, sannan ta tsaya ta shafa tsohuwar tandar da babban yatsa. Wannan ya fi komai yi masa zafi. Ta miƙa masa ita, ta ce tasa ce yanzu. Amma zai sayo sabuwa, kuma shi zai yi ta gashi a ciki har ranar da burodi zai zame da kansa.

Shekara huɗu ke nan. Duk Asabar kafin ya tafi harbi, Orval kan ɗaura ƙyallen girki a ƙugu ya gasa bakwai. Verna ta kife tandar, ta ƙirga waɗanda suka maƙale, ta ce da saura. Kawunan dalmarsa sun fara samun takarda, amma a filin harbi ba wanda ke tambayarsa wannan. Hollis kan tare shi tun a bakin mota, ya ce, "Mai burodi, yau guda nawa suka zame?"