Ranar da Baba Ya Yi Jinjina da Sifana a Hannu

Tun ranar da aka sauke babur ɗin nan a ƙofar gidanmu na san mugu ne. Mijina ne ya sayo shi a Beltsville, a hannun wata tsohuwa da mijinta ya mutu ya bar mata shi cikin gareji, duk tsatsa da kashin ɓera. Ba don kansa ya sayo ba, don Baba ne.

Baba mahaifina ne, bakaniken babura a Kaduna tun kafin a haife ni. Bayan rasuwar Mama na matsa masa lamba ya zo nan Maryland a Amurka ya zauna da mu, don na gaji da tunanin wa zai ba shi abinci, wa zai tuna masa maganin hawan jini. Ya zo, amma gangar jikinsa kawai ta iso. Wuni yake a bakin taga yana kallon kurege a kan bishiya. Jakarsa ma bai kwance ba, tana bayan ƙofa a ɗaure. Duk lokacin da na dawo daga asibitin da nake aikin nas, jakar nake fara dubawa. Burina ɗaya ne, ya kwance ta ya zauna.

Da ya ga babur ɗin a filin ajiye motoci, sai ya zagaya shi, ya tsuguna, ya buɗe tanki ya shinshina. Ya ce, "Uwata, wannan bai mutu ba. Wuta ce ta ɓace masa." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Gwiwarsa ba ta iya buga kik yanzu, don haka ni aka ɗora wa wannan aiki. Ya kwance fulogi, ya jingina shi a jikin inji, ya ce in buga. Na buga, ba ko ƙyalli. Na sake bugawa da haushi, sai ƙarfen ya dawo ya same ni a ƙauri, fata ta tsage, jini har cikin safa. Na zage babur ɗin, na zage wanda ya ƙera shi, na haɗa har da mijina. Baba ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarsa tun Mama na da rai, don haka na goge jinina na sake hawa.

Ya cire hular fulogi, ya riƙe bakin wayar da yatsunsa haka nan ba safar hannu. "Buga." Na ce, "Baba, za ta ja ka!" Ya ce ai abin da yake nema ke nan. Na buga, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Cakulkuli kawai. Da koyil ɗin da ke ba fulogi wuta na da lafiya, da ta wurgar da ni can." Haka ya bi wutar mataki mataki: batir lafiya, makunni lafiya, wata waya ɓera ya cinye, bakin kwantak, mai haɗa wuta da yanke ta, ya ƙone ya yi baƙi. Ya goge shi da abin goge farcena, muka aika aka kawo sabon koyil. Ranar da shuɗiyar wuta ta yi tas tas a bakin fulogi, ya hau sama ya kwance jakar nan, ya zaro tsohuwar sifanarsa daga cikin riguna, rigunan kuma ya jera su a durowa. Na shiga bayi na yi kukan daɗi don kar ya gani.

Asabar da rana muka mayar da fulogi na buga. Tau! Salansa ta yi aman wuta, ƙarar ta daki bangon gidaje ta dawo. Na sake bugawa, tau! Baba ya tafa hannu. Ya ce wuta ta zo, amma ba a kan lokacinta take zuwa ba, tayimin ne ya goce, aikin ɗan lokaci ne. Na hau sama in kawo masa ruwa. Ashe wani a cikin maƙwabta ya kira 'yan sanda ya ce ana harbi.

Ina saukowa da kofi a hannu na ga motocinsu sun tare mashiga, ƙofofi a buɗe, bindigogi a miƙe. Suna ta ihu gaba ɗaya, kowa da umarninsa. Turancin Baba na gareji ne, bai kama ko kalma ɗaya daga wannan hargowa ba. Kaki kawai ya gani. Sai ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa in hukuma ta shigo garejinsa: ya miƙe, ya gyara hula, ya nufe su, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama. "Ranku ya daɗe!" A gida jinjina ce, girmamawa ce. A nan kuwa baƙin mutum suka gani yana tunkaro su da ƙarfe a sama, don sifanar tana cikin hannun.

"Baba, kwanta! Yar da sifana!"

Ya juyo yana kallona, hannun na nan a sama. Ɗayansu ya harba masa bindigar lantarki. Wayoyinta suka cake a ƙirjinsa, jikinsa ya sandare, ya faɗi kamar an kada buhu, bakinsa ya daki gefen siminti. Suka rufar masa. Wani ya danna masa gwiwa a baya, wani ya murɗe hannun nan zuwa ƙeya, na ji kafaɗar ta yi ƙas. Ni nas ce, na san wannan ƙarar. Na jefar da kofi na ruga, aka cafke ni aka maka ni a jikin mota, kumatuna a kan ƙarfe mai zafi. Na yi ihu da Turanci cewa tsoho ne, mai hawan jini ne, babur ne ya yi ƙara. Da Turancin ya ƙare na koma Hausa, na tsine musu tas. Baba kuwa, jini na dalala daga bakinsa, haƙori ɗaya a ƙasa, yana ta cewa, "Fulogi ne, ranku ya daɗe. Fulogi ne."

Suka caje shi, suka caje ciyawa, ba bindiga. Na ce su sake ni in nuna musu. Na hau na buga kik da duk baƙin cikin da ke raina. Tau! Duk suka sunkuya. Daga nan muryarsu ta sauka, aka cire wa Baba ankwa, aka kira motar asibiti, wani yana ta gunguni wai a fahimce su. Har yau ban fahimce su ba, kuma ban yafe ba.

An yi masa aiki a kafaɗa. Ya dawo gida hannu a rataye, ya koma bakin taga. Mutanen cocinmu na Gaithersburg suka yi ta zuwa gaisuwa, ya amsa musu da kai. Babur kuwa na lulluɓe shi da tamfol, ko kallonsa ba na son yi.

Wata safiya ya ce, "Uwata, zo ki ara mini hannunki." Raina ya yi fari, na ce Baba ya dawo. Muka sauka. Ya nuna mini alamar da ke jikin inji, na juya injin a hankali har ta zo daidai. Ya sa siririyar takarda a bakin kwantak, ya ce in sassauta noti, in matsar da farantin da kwantak ɗin ke kai kaɗan kaɗan, har takardar ta zare ba gardama. Na ɗaure. Ya mayar da fulogi da hannun hagu, na ƙarasa masa da sifana. Na ɗora ƙafata a kan kik.

Ya riƙe mini ƙafa. Ya dubi tagogin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ya dubi mashiga.

"A'a. Ya gyaru, na sani. Amma kar ki buga shi a nan."

Ya karɓi sifanarsa, ya goge ta da gefen riga, ya hau sama a hankali. Na tsaya na mayar da tamfol. Da na shiga gida, jakar tana bayan ƙofa a ɗaure.