Kason Jirgi

A bakin madatsar Goronyo, idan an fito daga kamun kifi, kifi kashi-kashi ake raba shi a kan yashi, kowa na gani. A jirgin kawuna kashi huɗu muke yi: na kawu, na babban ɗansa, nawa, sai na jirgi da taru, wanda da shi ake gyara da sayen zare. A haka na taso, ban taɓa tambayar dalili ba.

Sai tarin fuka ya kwantar da ni, tun kafin shuka har aka kai gero rumbu. Duk tsawon jinyar kawu yana aiko wa matata da tarwaɗa. Wannan zumunci ne, na ci ba tare da jin kunya ba. Da na samu sauƙi, likita ya ce in koma aiki kaɗan-kaɗan: ban da jan taru, ban da shiga ruwan sanyi. Abin da ya rage mini shi ne in zauna a tsakiyar jirgi da ƙwarya ina kwashe ruwa, aikin da ake ba mai koyo.

Ranar farko kawu ya yi kashi huɗu daidai wa daida, kamar ba abin da ya faru. Na ga tafin hannun ɗan'uwana, babban ɗan kawu, duk ya tsattsage, don jan mutum biyu ya yi shi kaɗai, ga shi matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Raina ya ɓaci. Ni dama ba a raba ni da saurin fushi, kuma na tsani a tausaya mini a bainar jama'a. Na ce rabi zan ɗauka, tunda rabin mutum ne ya shiga jirgi.

Kawu ya ƙi. Ya ce duk wanda aka ga ya ɗauki rabi a bakin ruwan nan, an gama yi masa kallon masunci, ko ya warke ba jirgin da zai sake ba shi cikakken kaso. Na san gaskiya ce, amma na nuna masa hannun ɗansa na ce to wannan fa?

Kawu ya dubi kifin da ke kan yashi. Sannan ya ce, "Mi kaka so in yi? Jirgin ga ma ba shi jan taru, amma shina da kaso nai. Ɗauki naka."

Na ɗauka, ina ƙunƙuni. Ina cikin zuba kifin a buhu na ga ya sunkuya ya tura rabin kason jirgi cikin na ɗansa. Haka ya riƙa yi kullum, ba wanda ya ɗaga maganar.

Shekarar nan jirgi bai ga kafinta ba. Tsagar da ke gefensa ta yi ta buɗewa, ruwan da nake kwashewa yana ƙaruwa, har ya kai ba na samun ɗaga kai daga fita zuwa dawowa. Har yau ban iya cewa ko adalci aka yi ba, na dai san kawu ne ya biya. Wata safiya ɗan'uwana ya waiwayo daga bakin jirgi, ruwa ya kai mana idon sawu, ya ce, "Yi sauri hwa, in ka tsaya mun nutse." Tun da na kwanta ciwo, ranar ce aka fara yi mini tsawa a kan aiki, kuma na ji daɗi har cikin raina.