Dogo, Keken Kawu Ilu

Ba yabon kai ba, amma daga Surko har cikin Birnin Kudu, a zamanin samartakata ba a haifi wanda ya kai ni iya keke ba. Ina tafe sai in saki hannu biyu in gyara zariyar wando. Na taɓa goya mutum uku da tunkiya. To, mutum biyu ne, tunkiyar kuma ɗan akuya ne, amma dai kun gane. Keke ɗaya tak ya gagare ni hawa, shi ne Dogo, keken Kawu Ilu, yayan mahaifiyata. Ba don ban iya ba, mai shi ne ya hana. Shekara da shekaru ina roƙo, yana cewa, "Habu, Dogo ba ya son mai rawar kai."

Ku da kuka san Kawu kun san maganarsa. Ko me ya lalace, in aka ce masa ya sayi sabo, sai ya kalli mutum sama da ƙasa ya ce, "Me za a saya? Ai akwai a gida."

Kuma akwai ɗin! Sirdin Dogo tsohon buzu ne da aka naɗe a kan katako. Madigadin baya murfin kwanon Inna Kande ne, matarsa, wanda ta yi wata guda tana nema tana zargin maƙwabta. Ƙararrawa gwangwanin madara ce da tsakuwa bakwai a ciki. Gorar ruwansa ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu ya rataye a gaba, wai iskar tafiya ce firjinsa, kuma wallahi na sha, har haƙori yake riƙewa. Sannan ga wata ƙatuwar laima da ya kafa a tsakiyar kan keken. In ya taho daga nesa sai ka ɗauka rumfar mai shayi ce ta yi ƙaura.

Wata rana tayarsa ta fashe a hanyar Kangire. Mai faci ya duba ya ce, "Baba, facin da ke jikin tub ɗin nan ya fi tub ɗin yawa. Babu wurin da zan liƙa wani."

Kawu ya ce, "To liƙa a kan ɗan'uwansa."

"Ba zai kama ba, Baba."

Kawu ya zare tub ɗin ya sa a aljihu, ya shiga gona ya cusa wa tayar harawa har ta yi tauri, ya hau abinsa. Da ya iso gida akuyoyi suka yi wa keken caa. Sati guda Dogo a ɗaki yake kwana, Inna Kande ta ce ita dai ba ta taɓa samun wannan gatan ba.

Shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ce mun zama Jigawa, motoci suka fara sauya lamba. Kawu ya yanko gwangwani, ya rubuta Jigawa da ajami, ya ɗaure a bayan kariyar ɗaukar kaya. Wani direba a tasha ya ce, "Malam Ilu, ai keke ba ya lamba."

Ya ce, "Shi ba ɗan jiha ba ne? Kafin a haifi motarka yake bin hanyar nan."

To, ranar da nake son ba ku labari. Duk damina Kawu yakan je Farin Dutse ta ƙasar Gwaram wurin amininsa Malam Buba su yi kamun kifi a wani rafi. Sandar gora ce da shi a ɗaure a jikin Dogo, ƙugiyar kuwa da wayar ƙafar keke ya lanƙwasa ta. Wannan karon na bi shi a kan keken aro. Da muka kai saman gangaren da ke sauka rafin, ya tsaya, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka ishe ni. Zo ka hau. In ka kai shi ƙasa lafiya, duk Juma'a kai za ka riƙa hawansa. In ka kayar da shi, kada ka ƙara yi mini maganar."

Na yi wuf na sauka daga keken aron. Na riƙe kan keken, ya ce, "Tsaya in nuna maka yadda..."

Na ce, "Haba Kawu! Ni za a koya wa keke? Ni Habu?"

Ya ce, "To, bismilla."

Na taka. Kai, Dogo akwai gudu! Rabin gangare na ga rafi yana tahowa, na matse birkin dama. Sai ji na yi fuu! Laima ta buɗe a fuskata. Na daina ganin komai. Na matse na hagu, sai gwangwani ya hau kacau-kacau. Ashe Kawu ya daɗe da sauya wa hannayen birkin aiki. Birkin gaskiya wani guntun katako ne a baya, da diddige ake taka shi. Ni kuwa ina cikin laima ina salati, ƙararrawa tana sanar da mutanen Gwaram duka cewa ga ni nan tafe. Mata masu wanki suka watse. Na shige taɓo har wuya. To, har gwiwa, amma da ka na shiga.

Kawu ya sauko a natse, ya wuce ni, ya ɗaga Dogo, ya juya ƙafar gaba, ya juya ta baya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, bai ji ciwo ba."

Na ce, "Kawu, wane irin mutum ne zai sa laima a birki?"

Ya ce, "A ƙasar nan rana ta fi gangare yawa."

Na nuna masa haƙorina na gaba a tafin hannu. Ya ɗauka ya duba, ya ce, "Kada ka je Kano ka sayi wani. Akwai ƙashin rago a gida."

Ban ƙara yi masa maganar Dogo ba, shi ma bai ƙara ba. Amma duk lokacin da kekena ya lalace, sai in tarar da shi a gyare a zaure, da wani abu na ɗakin girkin Inna Kande a jikinsa. Bara, da ƙafa ta hana shi hawa, kullum sai ya sa an fito masa da Dogo gindin darbejiya ya goge shi, ya buɗe laimar, ya rufe. Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yi masa inuwar da ta fi wannan laima sanyi, ya sa ya tarar da komai akwai a can gidan.

Bayan addu'ar bakwai Inna Kande ta kira ni. Ta ce, "Kawunka ya bar wasiyya, ya ce Dogo naka ne."

Hawaye ya zubo mini. Na ce, "Ashe dai ya san na iya."

Ta ce, "Ya ce ka riƙa tura shi, kada ka hau."