Pardey Mai Awon Fasinja

A unguwarmu ta Woolston kowa ya san Cecil Pardey, amma ban ga wanda ya yi murnar saninsa ba. Da can kwal yake turawa a amalanke. Da aka kawo jiragen saman nan masu tashi daga kan ruwa zuwa tsibirin Guernsey, sai kamfanin ya ɗauke shi awon fasinja, don jirgin ba ya son nauyi. Hau sikeli, sauka, aikin ke nan. Amma mutumin nan ya sayi hula mai baki, ya koma cewa "mu mutanen sama".

Da ƙarfi yake faɗin nauyin mutum, gaban kowa. "Uwargida, a rage dankali mana!" Ni da nake sayar da shayi a bakin ruwan, ko gaisuwata ya daina amsawa. Alhali ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba.

Rannan aka ce masa gobe akwai kujera, ya zo a je da shi. Ya bi unguwa gida-gida yana sallama kamar mai tafiya yaƙi. Da safe, a cikin rumfar awo, matuƙin jirgin ya ce, "Hau mu gani."

"Ni? Da sikelin nawa?"

"Kai fa, maigida."

Allurar sikelin ta yi gaba abinta. Matuƙin ya dube shi, ya dubi kayan fasinja, ya zaɓi kayan. Pardey ya sulale ta bayan rumfa, ya tsallaka kogi zuwa cikin garin Southampton, ya wuni a ɓoye.

Da yamma sai ga shi da kwandon tumatir, yana tafe yana layi, wai iskar sama ce. "Daga can gidajenku kamar kwalin ashana! Ga tsarabar Guernsey."

Jirgin kuwa hazo ya maido shi tun kafin rana ta yi tsaka, yana nan ɗaure a bayansa, agwagin ruwa suna hutawa a kan fiffikensa.

Matarsa Maud ta ce, "Juya ka gani, mutumin sama."

Ya juya. 

Da kamfanin ya daina zuwa tsibirin, Pardey ya koma kan amalankensa. Har ya mutu, in jirgi ya wuce ba ya ɗaga kai.